Shekarar da Na Shuka Ciyawa

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Na manta yawan haƙoran da ke bakina kafin su fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. Na manta rabin karatun allon da na yi, wanda dama can rabi ne, sai ku auna abin da ya rage. Amma shekarar da na shuka ciyawa da hannuna, na zuba mata taki, na yi mata noma, wannan kam ba ta fita kaina har ranar da za a kai ni makwancina. Ina rubuta ta ne don matasan yanzu su san cewa ba su suka fara wauta ba, mun riga su, kuma tamu ta fi tasu inganci.

Lokacin Nasara ba su zo ba, sai dai mu ji labarinsu a bakin fatake. Ƙasa tana hannun Sarkin Musulmi, ni kuwa ina hannun wani jan takarkari, wato san da nake ɗora wa kaya. Ƙauyenmu yana kusa da Boɗinga. Sana'ata in labta wa san nan albasa da gero in kai Shagari ranar kasuwa, in dawo da kanwa da man shanu. Shi ne tuwonmu, shi ne zanen mai ɗakina. In ya tsaya da ƙafarsa gidana ya tsaya, in ya kwanta mun kwanta gaba ɗaya.

Da su biyu ne. Bazarar da ta gabata ce ta ɗauke ɗaya, ba ciwo ba komai, yunwa ce zalla. Shi kuma jan da ya rage sai da ya cinye zanan gidana har ana hango mu daga hanya, ya ci faifan mai ɗakina, ya ci malfar maƙwabcina da ya ajiye zai yi alwala. Duk da haka kowace safiya sai na kira maza uku, biyu su kama ƙaho, mu biyu mu kama wutsiya, mu ce bismillahi mu tashe shi tsaye. Ranar da ruwan farko ya sauka na dube shi, haƙarƙarinsa a jere kamar ƙirare, na yi wa kaina alkawari ba zan sake ɗaga sa ta wutsiya ba.

Za ku ce me ya hana ni yankan ciyawa a daji kamar kowa. To, lokacin da ciyawar daji take da daɗi, lokacin ne kowa ke cikin gero da dawa. Kafin ka gama girbi ka ɗaure ka kai rumbu, shanun makiyaya sun bi ta kan ta kusa, wuta ta cinye ta nesa, abin da ya rage sai busasshen kara wanda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya ci. Harawar wake kuwa ba ta kai mu ko tsakiyar rani. Sai na zauna na yi nazari irin na malamai. Na ce gero ana shuka shi ya fito inda ake so. Ciyawa ma iri gare ta. A cikin ɗan karatuna, ban ga inda aka ce haramun ne ba. Gaskiya ban ga inda aka ce halal ne ba, amma a lokacin ban matsa bincike ta wannan gefen ba.

Sauran iri. A kasuwar Shagari akwai gindin wata tsamiya inda masu sayar da ingirici, busasshiyar ciyawa ke nan, suke jibge kayansu duk rani. Ƙasan wurin cike yake da gashin kyasuwa, wannan ciyawa mai jan kai da shanu ke so. Na ari tsintsiya, na durƙusa tsakiyar kasuwa, ni magidanci da rawani, ina shara ina zubawa a taiki. Wata tsohuwa mai fura ta daɗe tana kallona.

“Ɗana, mi kaka biɗa cikin ƙasa?”

Na ce, “Iri, Inna.”

“Irin mi?”

“Irin haki.” Haka muke kiran ciyawa a wajenmu.

Ta dama fura ta miƙo mini, na sa hannu aljihu ta ce in bar shi. Da na juya sai na ji tana cewa a hankali, “Allah shi ba ka lahiya, ga ka yaro da kai.” Da ina da wayo, daga nan ya kamata in gane yadda duniya za ta karɓi ilimina.

Gonaki biyu nake da su. Babbar na sa mata gero kamar kowane mai hankali. Ƙaramar, wadda ke daidai bakin hanyar Shagari inda kowa ke wucewa, ita na zaɓa. Na cuɗa irin da rairayi mai danshi don kada iska ta kwashe, na watsa, na bi da takin da na tara. Jama'a, ban taɓa shuka abin da ya amsa kira kamar ciyawar nan ba. Gero sai ka lallashe shi, ita kuwa kamar dama jira take a gayyace ta. Kafin wata biyu ta kai gwiwa, kore shar, ba ko gibi.

Kuma na yi mata noma. Ina tsuguno ina cire ƙarangiya da sauran tarkace. Har da gyauron gero, wanda ya tsiro da kansa daga zubin bara, shi ma na tuge shi don kada ya takura mata. Ina cikin haka wata safiya, na tugo wani kyakkyawan gero mai kauri na jefar bakin hanya, sai ya faɗi daidai gaban jakin surukina, uban mai ɗakina.

Dattijo ne mai farin gemu, manomi na gaske, wanda ko tsinke bai yarda ya kwana a gonarsa ba. Ya dubi geron da ke ƙasa, ya dubi ciyawar da ke tsaye, ya dube ni. Ku tuna, a wajenmu mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, ba ya cin abinci gabansa, ba ya jan zance da shi ya wuce gaisuwa. Na cire takalmi na durƙusa na ce, “Ina kwana, Baba.” Ya ce, “Lahiya lau. Sannu da aiki.” Ya ɗan tsaya a kan kalmar aikin nan, sannan ya kaɗa jaki ya wuce.

Bayan kwana biyu mai ɗakina ta kawo mini tuwo ta tsaya ba ta tafi ba.

“Malam, Baba ya aiko a tambaya ko kana lahiya.”

“Ki ce lahiya lau.”

“Na ce. Ya ce shi ma haka ya gani, shi ya sa hankalinai ya tashi.”

Na ce to ta bayyana masa, ai ta san dalili, tare muka ɗaga san nan ta wutsiya ranar da maza suka yi ƙaranci. Ta ce, “Ni? In buɗe bakina in ce ma ubana mijin da ya ba ni shina noman haki? Ka bar ni da su, na san abin da zan ce.” Na bar ta da su. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko, wato shuka a bakin hanya, girma. Ashe ce musu ta yi ciwon baya ya kama ni, ina ɓoyewa don kunya, shi ya sa gonar ta fi ƙarfina, har zafin ciwon ke sa in rikice in tuge gero.

Damina ta ja. Ciyawa ta kai mini ƙirji, ta fara fitar da jan kanta. Masu wucewa daga Dandin Mahe suna tsayawa su tambayi ko mai gonar nan ya rasu ne magada suna rigima. Ni kuwa ko a jikina. Niyyata in bar ta ta bushe ƙarau a tsaye, bayan girbi in yanke a tsanake.

Wata rana da hantsi, ruwa ya fara ɗaukewa, ina dawowa daga Shagari da sana, sai na jiyo gangar noma daga nesa. Na ce a raina, kai, wane mai rabo ne aka yi wa gayya a wannan lokaci? Don a wajenmu in mutum ya kwanta ciwo gonarsa ta lalace, 'yan uwa sukan tara maza da makaɗi su yi masa aikin a yini ɗaya, ba tare da ya roƙa ba. Har ina sa wa mutumin albarka. Ina ƙara matsowa, gangar tana ƙara kusantar gonata. Da na ɓullo ta bayan kukar bakin hanya sai na ga ashe a gonata ake kaɗa ta.

Maza wajen talatin, tuɓe, kowa da lauje, sun jeru sahu guda suna kwantar da ciyawata. Makaɗi yana binsu yana zuga su, yana kiran mai gona bawan Allah mai haƙuri da ciwo. Surukina yana tsaye can gefe da sanda, fuskarsa cike da irin natsuwar wanda ya rufa wa ɗan uwansa asiri.

Na ɗaga hannu na yi ihu, “Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!”

Wani ya ce, “Ku ji shi, kunya ta kama shi!” Aka kwashe da dariya, laujuna suka ƙara sauri.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya taro ni ya riƙe mini kafaɗa. “Kai yaron ga, ciwo ai ba abin ɓoyo ba na. Zamna.” Na ce, “Kawu, bayana lahiya lau.” Ya ce, “Haka duk masu shi ke cewa.” Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka kwantar da ni rub da ciki. Ashe har wanzami surukina ya kirawo. Mutumin nan ya tsaga mini baya ya kafa ƙaho huɗu, yana zuƙa yana tofarwa, yana nuna wa jama'a jinin yana cewa, “Kun gani? Baƙi ƙirin. Da an ƙara wata guda da sai dai a ɗauke shi.” Ina kwance kumatuna a kan tabarma, ina kallon abincin sana na shekara yana faɗuwa sahu-sahu da kiɗa. Aka kawo fura ƙwarya-ƙwarya aka sha aka yi hamdala. Daga baya na gane da gerona aka yi ta.

Da aka gama, kawu ya yi shela cewa Baba ya ce a tara ciyawar tari-tari a bar ta ta sha rana kwana uku, rana ta huɗu zai zo da kansa ya sa mata wuta, gona ta fito fes, a daina zagin zuri'a a bakin hanya. Sannan aka tashe ni zaune, ƙaho na reto a bayana, na bi mutum talatin ɗaya bayan ɗaya ina cewa na gode, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa yin ƙarya mai yawa haka a zama ɗaya ba, kuma duk da sunan Allah a ciki. Ina fata an yafe mini.

Da na isa gida mai ɗakina ta kasa duban idona. Na ce, “Kin ga aikinki?” Ta ce, “Na gani. Amma ai ba a ƙone ba tukuna.” Ta fi ni kai, wannan ban taɓa musu ba sai a gabanta.

Haka na zama ɓarawon gonata. Tunda an san ni da ciwon baya, ba dama a gan ni da kaya. Sai tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa, in ja sa mu bi ta bayan gari. Ranar farko na baza tarin na jujjuya shi don ya bushe ciki da waje. Rana ta biyu na fara ɗaurewa ina labtawa, mai ɗakina tana karɓa tana jerawa a kan rumfar da muka kafa bayan ɗaki, sama da ƙasa don gara, muna rufewa da zana. A nan na lura da wani abu. Ciyawar ta bushe amma ba ta bar korenta ba, ga laushi, ga wani ƙamshi da ban taɓa ji a ingiricin kasuwa ba. Sai da na ɗaure wa san baki, don in ya ci gaba yadda ya fara, da a cikinsa zai kai ta gida. Ashe daidai lokacin da take fitar da kai, kafin ta tsufa ta zama kara, shi ne lokacin yankanta. Da an bar ni da ilimina da na bari ta lalace. Mutanen da suka zo hallaka ta su suka yi mini girbi a kan kari.

Rana ta uku, saura tari biyu, ina bayan ɗaya na ɗora wani ƙaton dami a ka, sai na ji ƙamshin hayaƙi. Surukina bai jira rana ta huɗu ba. Ya ga hadari yana haɗuwa, ya ce bari ya gama da ita. Tari ɗaya ya riga ya kama ƙurmus. Ya zagayo da bakin wuta a hannu zai kunna na biyu, sai ga ni, ga dami, ga sa da kaya, ga tabon ƙaho huɗu a bayana.

Muka tsaya. Ba ni da ikon yi masa bayani, shi ma ba shi da ikon tuhumata baki da baki. Na durƙusa da damin a kaina. Can sai dattijon nan ya juya ya fuskanci san.

“Kai sa. Wanga mai ciwon baya da ke ɗauke da kayan da jakina bai iya ɗauka, ka san shi?”

Ni ma na juya wajen san. “Sa, ka gaida Baba. Ka ce bayan ya yi sauƙi.”

“Na gani. Wanzamin ga na da hannu. Tambaye shi ina za shi da haki.”

“Ka ce ma Baba abincinka na, na bazara.”

“To tambaye shi, gonar ga hin ƙarhinai ta yi, ko mi?”

Na ce, “Ka ce ma Baba... shuka shi anka yi.”

Wuta tana ƙara a tarin can, san yana ƙoƙarin tauna igiyar bakinsa.

“Wa ya shuka?”

“Sa, ka hwaɗi gaskiya, kai ka sa ni.”

Gemun dattijon ya yi rawa. Har yau ban sani ba ko fushi ne ko dariya yake dannewa. Ya ce, “Kai sa, ka shaida. Na tara maza talatin, na ba makaɗi riga, na roƙi wanzami, don in ruhe asirin mutumin da ke zuba ma haki taki.” Ya dubi bakin wutar da ke hannunsa, ya dubi haƙarƙarin san da har lokacin bai gama cikowa ba. Sai ya tura wutar cikin rairayi ya murje. “Hwaɗa mashi ban taɓa jin mai hankali ya yi haka ba. Amma ni ban ƙona abin da dabba za ta ci. Shi kwashe kahin ruwa.” Ya hau jakinsa ya tafi. Na kwashe, ɗigon farko ya same ni a ƙofar gida.

Maganar ba ta ɓoyu ba, don makaɗi ya ji. Na yi wata uku ana tambayata ko bana zan shuka ƙaya, ko zan yi wa tururuwa rumbu. Na je wajen liman da fuskata a ɗaure na tambaye shi ko akwai zakka a kan ciyawa. Ya ce in tashi in ba shi wuri kafin alwalarsa ta karye.

To, bazarar shekarar nan ta yi tsawo. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Kowace safiya kana jin maza a gidaje suna bismillahi suna ɗaga shanu ta wutsiya. Ni kuwa in hau rumfa in sauko da runguma ɗaya, in yayyafa ruwan kanwa, in zuba. Ba zan yi muku ƙarya in ce san ya yi ƙiba ba, don tarin da ya ƙone ya sa dole na riƙa aunawa. Amma da ƙafarsa yake tashi, kuma ko kasuwa ɗaya ba mu fasa zuwa Shagari ba, a lokacin da albasa ke neman mai ɗauka an rasa.

Wata safiya na fito sai na tarar da surukina tsaye a bakin turke, shi kaɗai, a ƙasa, ba jaki. Na cire takalmi na durƙusa. Bai dube ni ba.

“Kai sa, kana lahiya? Na ga ka yi kyau. Jakina na gaishe ka. Ya so shi zo da kainai, ƙahwahu sunka ƙi.”

Na ce, “Sa, ka ce ma Baba kana da saƙo zuwa ga jakin, yanzu za a kai.”

Dami biyu na kai, bayan mako na ƙara ɗaya. Jakin ya tashi. Ba wanda ya ce na gode, ba wanda ya ce ba komai. Tsakanin dabbobin ne, mu ba ruwanmu.

Da damina ta zagayo, ina wucewa ta wata 'yar gonar surukina da ke can lungu bayan kurmi, nesa da hanya, sai na ga kyasuwa ta kai gwiwa, kore shar, ba gibi, ba ƙarangiya ko ɗaya. Shi kuma yana tsugune a ciki da gyauron gero a hannu. Na tsayar da san na durƙusa.

“Sa, ka gaida Baba. Ka ce na ga gona ta hi ƙarhinai. In bayan na, in kira gayya, na san wani wanzami mai hannu.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Kai sa, hwaɗa mashi in na ji ganga kusa da gonar ga, shi maido mani ɗiyata.”

Abin da na koya ke nan, kuma da tsagar baya na saye shi, don haka ku karɓa da daraja. In za ka yi abin da mutane ba su saba gani ba, ka daure ka faɗa da bakinka tun da wuri, a yi maka dariyar a gama, domin in ka yi shiru masu ƙaunarka za su zo da ganga su gyara maka. In kuma kai ne za ka taimaki wani, kafin ka wasa lauje ka tambaye shi ko abin da ke tsaye a gonarsa shi ya shuka. In kunya ta hana ka, ka nemi sansa. Tabon nan huɗu suna nan a bayana har yau, kuma abin haushi, yanzu da ciwon bayan ya zo na gaske, ba wanda ya yarda.